Takardun Kamu da Rijistar Gidan Yari a Matsayin Madogarar Tarihin Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna hanyar da mai binciken tarihi zai bi ya gano takardun da aka rubuta game da mutumin da hukuma ta kama ta tsare a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, musamman wuraren da daga baya suka zama unguwannin masana'antu, watau Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan batu kuwa shi ne, tarihin masana'antun Kano da aka rubuta ya fi ba da labarin masu jari da gwamnatoci. Manomin da aka karɓi gonarsa aka gina masaƙa a kanta, da leburan da ya zo daga ƙauye ya yi aiki a majema, ba su bar wasiƙu ko littattafan ciniki ba. Wurare biyu ne aka fi rubuta sunan talaka a zamanin En'e: takardar haraji da littafin kotu ko na gidan yari. Na farkon ya samu masu kula da shi. Na biyun shi ne muke so mu jawo hankalin mahalarta wannan taro zuwa gare shi.

Abin da za mu kafa hujja a kai guda ne. Ba a samun labarin ɗaurarre a ofis ɗaya, domin kowace hukuma da ya bi ta hannunta ta rubuta nata ta ajiye. Saboda haka kafin a tambayi inda takarda take, sai an amsa tambayoyi biyu: wa ya yi kamun, kuma a wace shekara?

1. Ƙauyukan da suka zama unguwannin masana'antu

Ƙasar da ke kewaye da ganuwar Kano tana daga cikin karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gundumomi biyu ne suka fi kusa da birni a zamanin En'e, Ungogo ta arewa da Kumbotso ta kudu. Michael Mortimore ya yi nazarin gonakin wannan yanki a shekarun 1960, Polly Hill kuma ta zauna a Ɗorayi cikin gundumar Kumbotso a farkon shekarun 1970, littafinta ya fito a 1977. Dukansu sun nuna jama'a masu ƙananan gonaki, waɗanda suka dogara da takin birni da kasuwarsa da kuma sana'ar rani.

Bompai ce ta fara karɓar masana'antu, tun daga shekarun 1950, saboda kusancinta da layin dogo wanda ya iso Kano a 1911 da kuma kantunan Turawa da Kwarori. A can aka kafa injinan matsar gyaɗa da masaƙu da kamfanonin alewa da turare da kwanuka. Ma'aikatanta suka cika Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata. Sharaɗa ta biyo baya a shekarun 1970, lokacin arzikin man fetur da dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Chalawa kuwa, wadda aka san ta da gidan ruwa da na lantarki da En'e ta gina a bakin kogi a farkon shekarun 1930, ita ce ta zo daga baya, ta kuma yi suna da majemu da masaƙu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sauƙaƙa wa gwamnati karɓar gonaki. Abin lura a nan shi ne, unguwannin nan uku ba a ƙarƙashin tsarin tsaro da shari'a ɗaya suka tashi ba, wannan kuwa shi ke raba wuraren da takardunsu suke.

2. Wa ke kamu, wa ke tsarewa

Kafin zuwan Turawa a 1903, dogarai ne ke kamu da sunan Sarki, Yari kuma shi ke riƙe da gidan kurkuku a cikin birni. Lugga ya bayyana kurkukun Kano a rahotonsa da mummunar siffa, amma mai karatu ya tuna cewa wanda ya ci gari da yaƙi ne ke magana, yana neman hujjar abin da ya yi. Turawa ba su rushe wannan tsari ba, sai suka sa shi cikin albashi da lissafin Baitulmali. A wajajen 1907 zuwa 1908 aka fara tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kuma bi su da alƙalai. Daga nan ne aka samu jerin hannuwa da wanda aka kama a ƙauye yake bi: mai unguwa ya kai shi ga dagaci, dagaci ya aika da shi ga hakimi tare da wasiƙa, hakimi ya tsare shi a gidan waƙafi har alƙali ya zauna. In an yanke masa ɗauri mai tsawo, ko laifin ya fi ƙarfin alƙalin gunduma, sai a raka shi birni. Gidan yarin Kurmawa da ke kusa da fadar Sarki an gina shi a 1910, na Goron Dutse kuma a 1935. A shekarun 1920 aka kafa 'yan gadi, waɗanda daga baya aka sani da 'yan doka, masu kaki da fareti da littafin aiki. Marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, kafin ya hau gadon sarauta a 1963.

A gefe guda kuma akwai yankin da ba ya hannun Sarki, watau unguwar Turawa da kantuna da tashar jirgi. Nan 'yan sandan gwamnati ke kamu, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama rundunar Nijeriya a 1930, majistare kuma ke shari'a. Sabon Gari ma tana cikin wannan yanki har 1940 da aka mayar da ita hannun En'e. Bompai ta tashi ne a wannan ɓangare na gari, shi ya sa tarihinta yake da wuyar bi. Alal misali, a yajin aikin gama-gari na watan Yuni 1964, leburan da 'yan sandan Nijeriya suka kama a ƙofar kamfani takardarsa da Turanci za ta kasance, a hanyar kotun majistare. Abokin aikinsa da 'yan doka suka kama a gida da dare kuwa sai a nemi sunansa a littafin alƙali. Mutum biyu, al'amari ɗaya, ofisoshi biyu da ba su haɗa ma'ajiya ba.

Shekarar 1968 ita ce kan iyaka. Kwamitin da Alhaji Yusufu Gobir ya shugabanta a 1966 ya ba da shawarar a karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e-En'e. Aka ƙirƙiro Jihar Kano ran 27 ga Mayu 1967, Audu Bako ya zama Gwamna. Ran 1 ga Afrilu 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki ƙarƙashin jiha, aka rufe kotun Sarki, sa'an nan a 'yan shekarun da suka biyo baya aka shigar da 'yan dokan da suka cancanta cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Doka ta 9 ta 1972 ta daidaita tsarin gidajen yari na ƙasa duka, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa binne tsarin En'e. Ke nan wanda aka kama a ƙauyen Sharaɗa ko Chalawa tun suna gonaki, takardarsa ta En'e ce. Wanda aka kama bayan sun zama unguwannin masana'antu, hukumomi uku ne suka raba takardarsa: 'yan sanda na tarayya, kotu ta jiha, gidan yari na tarayya.

3. Irin takardun da ɗaurarre ke bari

Takarda ta farko ita ce wasiƙar rakiya daga dagaci ko hakimi. Gajeriya ce, sau da yawa da Larabci ko ajami, amma ita ce ta fi kusa da ƙauye, domin takan ambaci unguwar mutum da abokin rigimarsa. Ita ce kuma ta fi saurin ɓata.

Ta biyu ita ce littafin caji-ofis, inda ake rubuta ranar kamu da sa'a da wanda ya kawo mutum da kayan da aka samu a jikinsa. Bayan da sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa da dokar hanyar shari'arta suka fara aiki a 1960, an wajabta rubuta rahoton farko na ƙara da littafin bincike, wannan ya ƙara yawan rubutu ƙwarai.

Ta uku ita ce littafin shari'a wanda muhutin alƙali ke rubutawa. A nan ake jin da'awa da amsa da shaidu da hukunci. Kyakkyawan misalin amfanin irinsa shi ne aikin Allan Christelow, wanda ya fassara zaɓaɓɓun shari'u na majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 daga Larabci, ya buga a 1994. A ciki ana ganin rigingimun gona da gado da sata da kisan kai daga ƙauyuka dabam-dabam na ƙasar Kano, da sunayen talakawan da babu wani littafi da ya san da su.

Ta huɗu ita ce warantin ɗauri da rijistar shiga gidan yari. Rijistar takan ɗauki lamba da suna da gari da laifi da kotun da ta yi hukunci da tsawon ɗauri da ranar fita. Tare da ita akwai littafin ciyarwa da na asibiti da na aikin fursunoni, zama En'e ta yi amfani da fursunoni wajen shara da gyaran hanya da ɗaukar kaya.

Ta biyar ita ce rahoton Razdan da na Di'o. Dokar kotunan gargajiya ta ba su ikon duba littattafan alƙalai da sake hukunci, suna kuma zagaya gidajen yari. Rahotannin shekara na Lardin Kano sukan kawo jimlar ɗaurarru da mace-mace da masu gudu. Ba su cika kawo suna ba, amma suna nuna shekarun da kamu ya yi yawa, daga nan mai bincike ya san littafin wace shekara zai nema.

4. Inda za a nema

Mafari shi ne Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Wannan hukuma an kafa ta a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, aka ba ta doka a 1957, aka sabunta dokar a 1992. Jerin takardu biyu ne suka shafe mu: SNP, watau na Sakatariyar Lardunan Arewa, da KANOPROF, watau na ofishin Razdan na Kano. A nemi rahotannin shekara da na ƙiyasin haraji na Kumbotso da Ungogo, da fayilolin da suka shafi kotunan gargajiya da gidajen yari da 'yan doka. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, yana da takardun Gwamnatin Jihar Arewa da rubuce-rubucen Larabci, ga kuma kundayen digiri.

Amma a lura, abin da ya tafi Kaduna galibi takardun ɓangaren Turawa ne. Takardun En'e kanta a Kano suka zauna. Saboda haka mataki na biyu shi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, sa'an nan ofishin Majalisar Masarauta, sa'an nan gidan hakimin gunduma da zuriyar tsofaffin alƙalai da muhutai, waɗanda wasu daga cikinsu suka adana takardun iyayensu a adaka da gafaka.

Game da abin da ya biyo bayan 1968, sai a nufi hukumomin da suka rubuta takardun. Hedkwatar 'yan sandan jiha a Bompai take, amma littattafan kamu a ofishin shiyya ake rubuta su, don haka sai an san shiyyar da ke riƙe da unguwar a wancan lokaci. Littattafan kotunan yanki a nemi izinin ganinsu ta hannun magatakardar ɓangaren shari'a na jiha, a kuma tuna cewa a shekarar 2000 kotunan shari'ar Musulunci suka gaje su a Kano. Rijistar gidan yari tana hannun hukumar da dokar 2019 ta sake wa suna zuwa hukumar gyaran hali. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nema a rubuce, ta kuma yanke wa hukuma kwana 7 ta ba da amsa, sai dai ta keɓe abin da ya shafi sirrin mutum da binciken laifi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta wajabta rubuta bayanin duk wanda aka kama, wannan kuwa guzuri ne ga masu tarihi na gaba.

In muka dubi Amurka za mu ga bambanci mai ilmantarwa. Can mafi yawan gundumomi suna da kurkukunsu ƙarƙashin jami'in tsaro wanda galibi zaɓarsa ake yi, a jihohi da yawa kuma littafin shigar waɗanda aka tsare a buɗe yake ga jama'a. Mai nema ofis ɗaya yake zuwa. Mu a nan kurkukun ƙaramar hukuma ya ƙare tun 1968, kuma da aka miƙa gine-gine da ma'aikata ga tarayya, littattafan zamanin En'e suka zama marayu tsakanin hukumar da ta mutu da wadda ta gaje ta.

5. Matsalolin karatu

Samun littafi rabin aiki ne. Matsala ta farko ita ce harshe da kwanan wata. Littattafan farko da Larabci suke, da lissafin Hijira, shekarar 1332 alal misali ta faro a ƙarshen Nuwamba 1913. Daga baya ajami da boko da Turanci suka shigo, wani lokaci a shafi ɗaya. Ɗalibin da bai iya warwarar rubutun allo ba, ya nemi malamin zaure ya zauna da shi.

Ta biyu ita ce suna. Mutum guda zai fito Audu a caji-ofis, Abdu a kotu, Abdullahi a gidan yari. Ɗan ci-rani kuwa sau da yawa da sunan garinsu aka san shi a kamfani. Sunan wuri ma haka, Turawa sun rubuta Challowa da Challawa, mu muna rubuta Chalawa ko Calawa. Maganin wannan shi ne a haɗa abu uku kafin a ce mutum ɗaya ne: ranar hukunci da kotu da tsawon ɗauri.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce murya. Rijista maganar mai ɗauri ce. Abin da ta kira laifi shi ne abin da hukuma ta ga dama ta kira laifi a ranar. Bayan kafa jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agusta 1950, an ɗaure 'ya'yanta da yawa a kotunan alƙalai bisa tuhumar zagin sarakuna ko yin taro ba izini ko tayar da hankali. Wanda ya ƙirga waɗannan a cikin masu laifi ba tare da tambaya ba ya zama magatakardan En'e, bai zama mai tarihi ba. Haka nan manomin da ya ƙi tashi daga gonar da aka auna, ko leburan da ya tare ƙofar kamfani, sunan da takarda za ta ba aikinsu shi ne shiga hurumin wani ko tayar da fitina. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike cikin ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma buga littafinsa a 1986, ya bayyana yajin aikin neman ƙarin Adebo na 1971 ta bakin ma'aikatan kansu. Aikin da ya rage shi ne a ɗora irin wannan bayani a kan littattafan 'yan sanda da na kotu na watannin, haka kuma na lokacin Udoji a 1975, a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Ta huɗu ita ce giɓi. Ba duk wanda aka kama aka rubuta ba. Rigima da yawa a zauren dagaci take mutuwa, da sulhu ko da tara wadda ba ta shiga littafi. Lokacin babbar tarzoma kuma, irin ta Mayu 1953 ko ta Maitatsine a Disamba 1980, yawan kamu yakan fi ƙarfin alƙalami. Ga gara da ɗigar ruwa da gobara. A tarzomar 10 ga Yuli 1981 an ƙona gine-ginen gwamnati da dama a Kano. Don haka rashin suna a rijista ba hujja ba ce ta cewa ba a tsare mutum ba, sai a koma ga tsofaffin unguwa da tsofaffin gandirobobi da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago.

6. Haƙƙin waɗanda aka rubuta

Mutanen da ke cikin waɗannan littattafai suna da 'ya'ya da jikoki a Panshekara da Ɗorayi da Dakata, kuma a al'adarmu ɗauri abin gori ne wanda yakan taɓa har neman aure. Addini ya hore mu da rufa asiri. Ra'ayinmu shi ne mai bincike ya kwafi suna domin ya iya bin sawu, amma in ya zo bugawa ya sakaya shi, sai fa wanda ɗaurinsa na siyasa ne sananne, ko wanda iyalinsa suka yarda. Ya kuma bambanta wanda aka tsare a waƙafi aka sallama da wanda aka tabbatar wa laifi, domin rijistar shiga takan haɗa su a shafi ɗaya.

Kammalawa

Mun nuna cewa takardun kamu da ɗauri na yankin Sharaɗa da Chalawa da Bompai a warwatse suke bisa ga hukumar da ta yi kamun da shekarar da aka yi shi, kuma 1968 ce ke raba hanya. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 masana'antu da yawa a unguwannin nan suka rufe, takardun ma'aikatansu suka bi su. Wannan ya ƙara wa littattafan hukuma daraja, domin su ne suka rage.

Akwai dalilin gaggawa. A 2023 aka buɗe sabon gidan gyaran hali a Janguza mai ɗaukar mutum 3,000, a 2025 kuma Gwamnatin Jihar Kano ta bayyana niyyar kwashe ɗaurarrun Kurmawa ta mayar da ginin gidan tarihi. Ranar ƙaura ita ce ranar da tsofaffin takardu suka fi shiga haɗari, domin mai kwasar kaya abin da ake amfani da shi yake ɗauka. Muna ba wannan taro shawara ya roƙi hukumar gyaran hali da Hukumar Tarihi da Al'adu su ƙidaya duk wata tsohuwar rijista da ke Kurmawa da Goron Dutse, a ɗauki hotonta shafi-shafi, a ajiye kwafi a Kano da Kaduna, a kuma tsara ƙa'idar wanda zai gani. Sassan tarihi na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilmi suna iya ba ɗalibansu aikin lissafa abin da ke gidajen hakimai da alƙalai na Kumbotso da Ungogo, gunduma ɗaya a shekara. Aikin bai buƙatar kuɗi mai yawa, yana buƙatar izini da wanda ya iya karatun Larabci da ajami, masu iyawar kuwa suna raguwa.